Shekara Biyu ko Shekara Saba'in: Dogara ga Ikon Allah a Zaman Talalar Babila

A watan Maris na shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Yehoyakin sarkin Yahuza, saurayi ɗan shekara 18 da bai wuce wata uku a gadon sarauta ba, ya fito daga Urushalima ya miƙa wuya ga Nebukadnezzar sarkin Babila. Magatakardan fadar Babila sun rubuta cin birnin a allon yumɓu, allon kuma yana nan ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Littafin Sarakuna na Biyu ya ce mutum 10,000 aka tasa ƙeyarsu zuwa Babila: sarki da mahaifiyarsa da matansa, fadawa, mayaƙa, maƙera da sauran masu sana'ar hannu. Talakawan ƙasa kawai aka bari. Kimanin shekara goma bayan haka Zadakiya, baffan Yehoyakin wanda Babila ta naɗa a madadinsa, ya yi tawaye. Sojojin Babila suka yi wa birnin ƙawanya har yunwa ta ci ƙarfin mutane, suka fasa ganuwa, suka kama sarki yana gudu. A Ribla aka yanka 'ya'yansa yana kallo, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Aka cinna wa Haikalin da Sulemanu ya gina wuta.

Abin da Yahudawa suka rasa a wannan lokaci ya wuce gidaje da gonaki. Abubuwa uku ne bangaskiyarsu ta jingina a kai, wato ƙasar da aka yi wa Ibrahim alkawarinta, da gadon sarautar Dawuda, da Haikalin da suke cewa nan Allah ya sa sunansa. Duka ukun suka tafi a cikin zamani ɗaya. A tunanin mutanen wancan lokaci kuwa, in birni ya faɗi to abin bautarsa ne aka ka da, shi ya sa Nebukadnezzar ya kwashe kayan Haikali ya kai su ɗakin gunkinsa a matsayin ganima. Don haka Bayahuden da ke zaune a bakin magudanan ruwan Babila yana da hanyoyi uku na fahimtar abin da ya same shi. Ko dai Marduk, gunkin Babila, ya fi Allahn Isra'ila ƙarfi. Ko kuma abin ɗan tuntuɓe ne, Allah zai gyara shi nan ba da jimawa ba. Ko kuwa Allah da kansa ne ya ba da birninsa a hannun maƙiyi. Ta ukun ta fi ɗaci, amma ni a ganina ita kaɗai ce take ɗauke da bege na gaskiya, kuma ita ce ta nuna abin da dogara ga ikon Allah yake nufi idan wahala ta ƙi ƙarewa.

Hanya ta biyu ta fi farin jini, kuma tana da mai magana da yawunta. A shekara ta huɗu ta mulkin Zadakiya, annabi Irmiya yana yawo a Urushalima da karkiyar itace a wuyansa, irin wadda ake ɗaura wa shanun noma, don ya nuna cewa Allah ya sa ƙasar a ƙarƙashin Babila. Sai wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tare shi a cikin Haikali a gaban firistoci da jama'a. Ya yi shela da sunan Allah cewa kafin shekara biyu kayan Haikali za su dawo, Yehoyakin da dukan waɗanda aka kwashe za su dawo. Irmiya ya amsa da amin, ya yi fatan Allah ya sa haka, sai dai ya tuna masa cewa annabin da ya yi albishirin zaman lafiya sai maganarsa ta cika ake gaskata shi. Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Irmiya ya kama hanyarsa bai ce uffan ba. Daga baya ya dawo da saƙo cewa an karya ta itace, za a ƙera ta ƙarfe. Wata biyu bayan haka Hananiya ya mutu. Ya kamata a yi wa Hananiya adalci a nan, domin maganarsa ba ta rasa tushe ba. A shekara ta 701, zamanin sarki Hezekiya, Sennakerib na Assuriya ya zo wa Urushalima da rundunarsa ya koma bai ci ta ba. Wanda ya tsaya a Haikali ranar nan zai ce Hananiya ne mai bangaskiya, Irmiya kuwa mai karya gwiwar jama'a. Kuskuren Hananiya shi ne ya ɗauki abin da Allah ya taɓa yi ya mai da shi wajibi a kan Allah, har ya yanka masa wa'adi. Dogararsa ga sakamakon da yake so ce, ya laƙaba mata sunan Allah.

Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila wasiƙa ta hannun jakadun Zadakiya biyu, Elasa da Gemariya, tana nan a sura ta 29 ta littafinsa. Ya ce musu su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su yawaita kada su ragu. Ya ƙara da abin da ya fi komai nauyi a kunnen wanda aka ci da yaƙi, cewa su nemi alherin birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu yana cikin nasa. Sannan ya faɗi wa'adin, shekara 70. A cikin wannan wasiƙa ce ayar nan take da Kiristoci da yawa suka haddace, har ake buga ta a kalanda, wadda ke magana a kan shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Masu haddace ta kan manta da cewa waɗanda aka fara karanta wa ita dattawa ne da magidanta da suka san lissafi, sun kuma gane cewa a Babila za a binne su. Alkawarin na al'umma ne, jikoki ne za su ga cikarsa. Ba mamaki wani daga cikinsu, Shemaiya, ya rubuta wa firist a Urushalima yana neman a kama Irmiya a sa shi a turu kamar yadda ake yi wa mahaukaci.

To me ya sa maganar da ta fi ɗaci ta zama ita ce mai bege? Dalilin a fili yake in aka bi shi sannu. In Marduk ne ya yi nasara, Bayahude ba shi da wanda zai kai wa kuka, sai dai ya bi mai ƙarfi. Akwai waɗanda suka yi irin wannan lissafi. 'Yan gudun hijirar da suka sauka Masar sun faɗa wa Irmiya ƙiri-ƙiri cewa tun da suka daina ƙona turare ga gunkiyar da suke kira sarauniyar sama suka shiga uku, saboda haka za su koma mata. In kuwa Hananiya ne mai gaskiya, bangaskiya tana da ranar mutuwa, domin da shekara biyu ta cika ba a ga komai ba, shi ke nan. Amma in Allah ne ya kawo Nebukadnezzar, to Nebukadnezzar yana da iyaka, kuma wanda ya buɗe ƙofar wahala shi ne mai rufe ta. Wannan ne Ezekiyel ya gani a bakin kogin Kebar a shekara ta biyar ta zaman talala. Shi firist ne da aka raba da Haikalinsa, sai ga kursiyin Allah ya bayyana gare shi a ƙasar maƙiya, a kan ƙafafun da ke juyawa kowace fuska. Allahn da ake tsammani an baro a Urushalima yana nan tare da bayi a Babila. Wanda ya yarda da haka yana iya yin addu'a ba tare da bagade ba, yana iya kiyaye Asabar ba tare da sarki ba.

Sai dai wannan koyarwa tana da masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Ta farko ita ce tana wanke azzalumi. Irmiya ya kira Nebukadnezzar bawan Allah, mutumin da ya yanka yara a gaban ubansu. Mu ma mun saba jin mai mulki yana cewa Allah ne ya ba shi, kamar wannan ya isa ya rufe bakin kowa, mun kuma saba jin an ce haka Allah ya so a inda sakacin ɗan Adam ne ya yi kisa. Annabi Habakuk ya riga mu yin wannan ƙorafi, ya tambayi Allah yadda mai tsarki zai zuba ido mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci. Amsar da ya samu jerin kaito ne a kan mai gina birni da jini, tare da umarnin cewa adali ya rayu ta wurin bangaskiyarsa kafin hukuncin ya zo. Irmiyan da ya ce a yi wa Babila addu'a shi ne ya rubuta dogon hukunci a kanta, ya ba wani mai suna Seraiya ya karanta a cikin birnin, ya ɗaura wa takardar dutse ya jefa a kogin Yufiretis, alamar yadda Babila za ta nutse. Shi ne kuma ya tsaya ya la'anci sarkinsa Yehoyakim, mahaifin Yehoyakin, don ya gina fada da gumin mutane bai biya su lada ba. Abokan annabi Daniyel uku sun yi wa fadar Babila aiki da aminci, amma da aka ce su yi wa gunki sujada suka ƙi, suka ce Allah yana da ikon cetonsu daga wuta, ko bai cece su ba kuma ba za su durƙusa ba. A wurin waɗannan mutane, cewa Allah ya yi aiki da azzalumi bai taɓa nufin Allah ya yarda da zaluncinsa ba. Imanin cewa akwai Sarki a kan sarki shi ne ya ba su bakin ce wa sarki a'a.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa, kuma ba na jin akwai mai gaskiyar da zai ce ya gama da ita. In hukunci ne saboda zunubin al'umma, ina laifin jarirai? Littafin Makoki bai ɓoye komai ba. Ya nuna yara suna suma a titi suna tambayar uwayensu abinci, ya nuna mata masu tausayi da yunwa ta kai su ga dafa 'ya'yan cikinsu. Mutanen zamanin suna da karin maganar da suke yi, cewa iyaye ne suka ci 'ya'yan inabi masu tsami amma haƙoran 'ya'ya ne suka mutu. Ezekiyel ya ƙi wannan karin magana, ya ce kowane rai zai amsa nasa laifin a gaban Allah, kuma Allah ba ya murna da mutuwar kowa. Wannan ya kare adalcin Allah a hukuncin ƙarshe, amma bai mayar wa uwa da ɗanta ba. Abin da ya fi ba ni ƙarfin zuciya shi ne waɗanda suka tattara Littafi Mai Tsarki ba su goge kukan ba. Sun bar Makoki yana tuhumar Allah da zama kamar maƙiyi, sun bar Zabura ta 137 da fushinta mai ban tsoro a kan Babila. A tsakiyar Makokin nan ne kuma marubucin ya ce jinƙan Allah ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a kan toka ɗaya. Ba a kai ƙara sai wurin wanda aka yarda yana da iko. Wanda ya hana mai makoki yin kuka da sunan tawakkali ya nemi abin da Allah bai nema daga annabawansa ba.

Akwai kuma iyakar da dole a ja a nan. Yahuza ta san dalilin faɗuwarta domin annabawa sun shekara da shekaru suna faɗa mata. Mu ba mu da wanda aka yi wa wahayi a kan dalilin da ya sa aka ƙone wannan ƙauye aka bar wancan. Labarin ma da kansa ya hana irin wannan hukunci. Waɗanda suka saura a Urushalima bayan 597 sun ɗauka su ne Allah ya zaɓa, waɗanda aka kwashe su ne masu laifi, har suka fara cewa ƙasar ta zama tasu. Sai aka nuna wa Irmiya kwanduna biyu na ɓaure, aka ce masa kyawawan su ne waɗanda aka kai bauta. Almasihu ma da aka zo batun mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Don haka duk wanda ya dubi matan da ke zaune a sansanonin 'yan gudun hijira a Borno, ko manoman Zamfara da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, ya ce zunubinsu ne ya ja musu, ya ɗauki matsayin abokan Ayuba, waɗanda Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Wani zai ce duk wannan lallashin kai ne, wanda aka ka da ne ya ƙirƙiro labarin da zai rage masa kunya. Amma wanda ke neman lallashin kansa yakan ɗora laifi a kan wani. Wannan koyarwa kuwa a kan masu ita ta ɗora laifin, kuma Irmiya ya yi ta shelarta tun birnin yana tsaye, ya sha wuya a kanta. Firist Fashur ya sa an yi masa duka. Sarki Yehoyakim yana jin ɗumi a ɗakinsa na hunturu aka karanta masa littafin Irmiya, ana karanta ɗan sashe yana yanke shi da wuƙa yana jefawa a wuta har ya ƙare. Fadawan Zadakiya sun jefa annabin a rijiyar da ba ruwa sai laka, har sai da wani bafade baƙar fata mutumin Kush, Ebed-melek, ya zura masa igiya da tsummoki ya sa a hammata aka jawo shi. Gaskiya ne tarihi ba ya iya tabbatar da hannun Allah. Lokacin da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, rubutun da ya bari a kan yumɓu, wanda aka tono a 1879, ya ce Marduk ne ya zaɓe shi, littafin Ishaya kuma ya ce Allahn Isra'ila ne ya naɗa shi ko da yake bai san shi ba. Mai tono ƙasa ba zai raba wannan gardama ba. Abin da zai iya nunawa shi ne Babila ta murƙushe Ashkelon da wasu maƙwabtan Yahuza, kuma yau ba mai bauta wa Kemosh na Mowab ko Milkom na Ammon ko Marduk kansa. Wanzuwar al'umma ba hujja ba ce a kan gaskiyar addininta, amma ta nuna irin nauyin da wannan imani ya iya ɗauka. Musulmi ma ba baƙo ba ne ga wannan karatu, domin farkon Suratul Isra'i ya yi maganar ɓarnar Bani Isra'ila da mayaƙan da Allah ya aiko musu, da kuma ƙofar rahama da ya bari a buɗe, kuma malaman tafsiri da dama sun ambaci Bukhtanassar, wato Nebukadnezzar, a wurin.

Saura zargin cewa yarda da ikon Allah yana sa mutum ya naɗe hannu. A shekara ta goma ta Zadakiya, sojojin Babila suna kewaye da birni, Irmiya yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tayin gona a garinsu Anatot. Ƙasa ce da ke shirin faɗawa hannun maƙiyi, ba mai hankalin da zai sa kuɗinsa a kanta. Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya sa hannu a takardar ciniki, ya kira shaidu, aka yi kofi biyu, ɗaya a liƙe da hatimi ɗaya a buɗe. Ya miƙa su ga magatakardansa Baruk a gaban duk waɗanda ke zaune a farfajiyar, ya ce a sa su a tukunyar ƙasa don su daɗe, domin wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Da ya gama sai ya koma ga Allah yana tambayar hikimar abin da aka sa shi ya yi. Ya biya kuɗin tukuna, tambayar ta biyo baya. Waɗanda ke Babila ma sun tashi tsaye. An samu allunan yumɓu kimanin 200 daga wani gari da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, mafi tsufansu na shekara ta 572, suna ɗauke da hayar gonaki da bashi da haraji da aure na mutane masu sunayen Yahudawa, zuriya bayan zuriya. Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya zauna yana jiran cikar shekara biyu shi ne ba zai dasa itace ba.

Komawar da aka yi ma ba ta zo yadda aka yi mafarkinta ba. Sairus ya ba da izini a 538, littafin Ezra ya lissafa mutum 42,360 da suka koma. Ranar da aka aza harsashin sabon Haikali matasa suna sowa, tsofaffin da suka san na farko suna kuka da ƙarfi, har ba a iya bambanta muryoyin. Ginin bai kammala ba sai a shekara ta shida ta sarki Dariyus, kimanin shekara 70 bayan ƙone na farko. Ba wani ɗan Dawuda da ya sake hawa gadon sarauta a Urushalima, Yahuza ta zama lardi a daular Farisa. Da yawa ba su koma ba sam, zuriyarsu ce ta rubuta Talmud na Babila ƙarnoni bayan haka, ta kuma zauna a Iraƙi har zuwa 1950 da 1951 lokacin da mafi yawansu suka bar ƙasar. Irmiya kansa an ja shi zuwa Masar ba da son ransa ba, ba inda aka ce ya taka gonar Anatot.

Saboda haka kirana ga masu hawa mumbari, fastoci da malamai, shi ne su ji tsoron Allah a kan mutanen da ke cikin wahala. Kada a yanka wa gwauruwa ko mara lafiya ko ɗan gudun hijira wa'adin da Allah bai yanka ba, a ce masa kafin ƙarshen wata ko kafin shekara ta juyo, domin ranar da wa'adin ya wuce shi ne zai zauna da raunin, mai wa'azi ya riga ya tafi wani taron. A gaya masa Allah yana mulki a inda yake zaune yanzu, a bar shi ya yi kukansa, sannan a taimaka masa da iri da fartanya da kuɗin makarantar yaransa.